Sakan Biyu: Nazari kan Yadda Ƙwaƙwalwa ke Riƙe Sauti

Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce, ta Najeriya 11. Ɗan kasuwar Magarya ko Dungas da ke kai dabbobi Maigatari yana hulɗa da duka biyun, ya kuma san wadda ke kuɓuce masa kafin ya gama latsawa. Wannan ba sakaci ba ne, iyakar ƙwaƙwalwa ce.

A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka fito da bayanin ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa. Sashenta na sauti aiki biyu yake yi: ajiye abin da kunne ya ji, da nanata shi a zuci kafin ya dushe. Binciken Baddeley da abokan aikinsa na 1975 ya nuna mutum kan riƙe abin da zai iya furtawa cikin sakan 2 ne kawai, ko kusa da haka. Ashe ma'aunin lokaci ne, ba yawan kalmomi ba. Ellis da Hennelly sun gwada hakan a 1980 a kan masu harshe biyu a Wales, suka tarar sun fi riƙe alƙaluma da Ingilishi, saboda na harshen Wales sun fi cin lokaci a baki. Namu ma daga ɗaya har tara gaɓa bibbiyu ne. Da mutanen Nijar suke karanta lamba biyu-biyu, sun mayar da takwas dunƙule huɗu, adadin da Nelson Cowan ya tsayar a 2001 a matsayin iyakar dunƙulen da ƙwaƙwalwa ke riƙewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaro. Malamin allo kan biya wa kolo 'yan kalmomi, yaron ya ɗaga murya ya yi ta nanatawa, sai sun zauna a ƙara masa. Ta wannan ƙofar baƙuwar kalma ke shiga. A 1988 an gwada wata 'yar Italiya da wannan sashe na sauti ya lalace mata: tana haɗa kalmomin harshenta biyu-biyu ta riƙe, amma kalmomin Rashanci suka gagare ta.

Yaron ƙauyen Dungas da ya shiga lakwal bai taɓa jin Faransanci a gida ba. Ba shi da dunƙulen da zai tattara sautukan a ciki, don haka doguwar jimlar malam takan zube kafin a kai ƙarshenta, a ce masa daƙiƙi. Zalunci ne a yi masa wannan hukunci alhali ba a gutsuttsura masa jimlar ba, ba a kuma bar bakinsa ya maimaita ba.