Alƙiblar Lokaci a Cikin Ƙwayar Zarra: Sake Auna Hujjar CPLEAR da ta BaBar

Tsakure

Maƙalar ta auna gwaje-gwajen da aka ce sun tabbatar da cewa ƙananan ɓarɓashin zarra suna bambanta gaba da baya a lokaci. Matsayinta shi ne gwajin BaBar na 2012 ne kaɗai ya yanke hukunci kai tsaye.

Waiwaye

A 1964 masana fizika Cronin da Fitch suka gano a cibiyar bincike ta Brookhaven cewa ɓarɓashin kayon yana saɓa wa daidaiton CP, wato idan aka musanya shi da kishiyarsa aka kuma juya hagu da dama, halinsa kan ɗan sauya. Bisa ƙa'idar CPT, wadda ta ce idan aka haɗa CP da juya lokaci hali ba ya sauyawa, dole daidaiton lokaci ma ya karye. Amma wannan istinbaɗi ne, ba gani da ido ba.

Taƙaddamarmu da masu rataya komai a kan gwajin CPLEAR ce, wanda aka yi a cibiyar CERN aka wallafa a 1998. Masu gwajin sun auna saurin rikiɗar kayon zuwa kishiyarsa da na komawar kishiyar zuwa kayon, suka sami bambanci na kusan 6.6 cikin 1,000. Awon ya yi kyau. Matsalar ita ce a wannan rikiɗa juya lokaci da musanya kishiya abu guda suke haifarwa, don haka ba a iya rantsewa kan wanne aka gani. Masanin fizika Wolfenstein ma ya nuna shakku kan fassarar.

Hanyar Nazari

An kwatanta sakamakon da aka wallafa bisa sharaɗi ɗaya: shin an musanya mafari da ƙarshe ba tare da musanyar ta zo daidai da CP ba?

Sakamako

BaBar, a cibiyar SLAC ta Amurka, ya bi dabarar da Bañuls da Bernabéu suka gabatar a 1999. Ɓarɓashin meson B da kishiyarsa ana haifarsu tare, a sarƙe kamar tagwaye: da zarar ɗaya ya ruɓe ya bayyana halinsa, an san halin ɗan'uwansa a daidai wannan lokaci ba tare da an taɓa shi ba. Sai a jira ruɓewar na biyun. Da haka aka san inda ya faro da inda ya ƙare, aka kuma zaƙulo waɗanda suka bi hanyar a juye. Daga tagwaye kusan miliyan 468 aka haɗa kwatance huɗu. Da lokaci bai da zaɓi, ma'aunan bambancin za su tsaya a sifili. Sai aka sami -1.37 da 1.17. Ƙarfin hujjar ya kai sigma 14, alhali 5 kawai ake nema kafin a ce an gano abu. Adadin ya kuma dace da karyewar CP da aka riga aka auna, kamar yadda CPT ta tanada.

Iyaka

Gaskiya ne ba a mayar da ruɓewar kanta baya ba, rikiɗar da ke tsakani aka juya. Bambancin kuma a ƙarfin nukiliya mai rauni kaɗai aka gan shi, bai bayyana dalilin da zafi ke kwarara daga mai zafi zuwa mai sanyi ba. Wannan batun kimiyyar zafi ne.