Mai Magani in Ya Nakasa: Daga Gandu zuwa Inshora

Hausawa kan ce wanzami ba ya son jarfa. Amma ciwo ba ya tsallake mai magani, kuma wanda jarinsa hannu ne da ido, ran da ɗayansu ya gaza, ran nan abincinsa ya yanke. Tambayar ita ce: wa ke ɗaukar nauyinsa?

A karkarar Makoɗa, maƙwabciyar Dambatta, kafin zuwan asibiti wanzami da maɗori da ungozoma su ne likitoci. Sana'ar wanzanci gado ce. Wanzami yana da gidajen da yake wa aski da ƙaho da kaciya, ana sallamarsa ran suna, ana ba shi hatsi da kaka. In hannunsa ya soma rawa, ɗansa ko ƙanensa ya karɓi zabira ya ci gaba da bin gidajen, gandu kuwa ya ciyar da shi. Wato gado da gona su ne madogararsa.

Likitan zamani ba ya iya miƙa wa ɗansa takardar shaidarsa. Wannan ne ya sa likitocin Ingila suka kafa ƙungiyar taimakon juna a 1884, kowa na zuba kuɗi domin a riƙa biyan wanda ciwo ya kwantar. A shekarar ce kuma Jamus, a zamanin Bismarck, ta kafa inshorar haɗari ga ma'aikata, ta ƙara da ta nakasa da tsufa a 1889.

A Nijeriya dokar diyyar ma'aikata ta soma ne a farkon shekarun 1940, aka sake ta a 1987. Dokar 2010 ta maye gurbinta, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Wanda ya nakasa baki ɗaya a bakin aiki, dokar ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa. Haɗarin kuwa ba zance ba ne: a Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Sai dai dokar ta tsaya ga abin da aiki ya jawo. Likitan da shanyewar ɓarin jiki ta kama ba ta dalilin aiki ba, dokar ba ta rufe shi ba. Gandu kuwa ya raunana, domin gonaki sun tsattsage wajen rabon gado. Ga masu ƙyamar inshora saboda riba, hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, tsarin da ya yi kama da adashe. Saboda haka ƙasar da ke son likita ya zauna a karkara irin ta Makoɗa, wajibi ne ta fara tabbatar masa da abin da zai ci ran da hannunsa ya gaza.