Yadda dokar "ba sani, ba sabo" ta shiga makarantun Amurka

Yau Amurka za mu leƙa, mu ga yadda dokar da aka yi saboda bindiga ta ƙare tana korar yaro a kan cokali.

Wannan tsari na ba sani ba sabo ya samo asali ne daga yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarun 1980, zamanin Ronald Reagan. A 1994 shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta ce duk ɗalibin da ya kawo bindiga lakwal a kore shi shekara guda, jihar da ta ƙi kuma ta rasa kuɗin ilimi na gwamnatin tarayya. Har nan ba mai musu.

Sai aka yi harin makarantar Columbine a jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilu 1999, inda ɗalibai biyu suka buɗe wa ƴan uwansu wuta. Tsoro ya kama iyaye, makarantu suka yi ta faɗaɗa dokar: wuƙa, ƙwayar ciwon kai, faɗa, har da yi wa malami gardama. Hukunci ɗaya ne, ba a tambayar dalili. A 2009 a jihar Delaware, wani yaro ɗan shekara 6 ya zo da cokalinsa na zuwa daji, irin mai haɗe da ƴar wuƙa, don ya ci abincin rana. Aka yanke masa kwana 45 a makarantar horo! Sai da ƙasar ta ɗauki surutu kafin a janye.

Mu dai a ganinmu, babbar ɓarnar ita ce an ƙwace wa malami hankalinsa. Mushen da ya san yaro, ya san gidansu, ba shi da ta cewa.

A 2008 ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka ta bincika, ta ce ba ta ga shaidar cewa tsarin ya ƙara tsaro ba. Alƙaluman gwamnati na 2014 kuma sun nuna ana dakatar da yara baƙar fata ninki uku na fararen fata. Yaron da aka kora, titi ne ke karɓarsa.

Shi ya sa garuruwa irin su Oakland da Denver suka koma ga sulhu: a zaunar da mai laifi da wanda aka yi wa, kowa ya faɗi nasa, a gyara ɓarna, yaro ya koma aji. Los Angeles ta daina dakatar da ɗalibi kan taurin kai a 2013. Amma wasu malamai sun koka cewa sulhu ba lokaci ba horo, hayaniya kawai yake ƙarawa.

Gwamnatin Obama ta shawarci makarantu su rage kora a 2014, ta Trump ta soke shawarar a Disamban 2018. Dokar bindigar tana nan har yau, kuma tun farko ta bai wa shugaban makarantun gunduma damar duba kowane yaro da halin da ya zo da shi.