Daga lanhon kai zuwa harajin mazauni: tarihin da ya shafi ƴan uwanmu na waje



A zamanin mulkin Faransa, haraji kan mutum yake bi. Ana rubuta sunan maigida da iyalinsa a rajistar gari, mai gari ya tara kuɗin lanho, ya kai wa sarki, sarki ya kai wa kumandan. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ga kuma aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, sai ya kwashi iyali ya ƙetare iyaka zuwa Katsina, Daura ko Sakkwato. Barin gari a lokacin yana nufin kuɓuta daga mai karɓar haraji. Har yanzu da yawa daga cikinmu da wannan tunanin muke fita waje. Amma ƙasashen da muke zuwa sun daɗe da gina wata ƙa'ida dabam: inda kake zaune, can ake tambayarka duk abin da ka samu a duniya.

Mu ɗauki Amurka, inda ƴan Nijar suke da yawa a Niyok da Girinsboro. A 1913 ta kafa harajin kuɗin shiga na dindindin. A 1924 kotun ƙolinta ta yanke hukunci a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Meziko, ta ce gwamnati na da ikon karɓar haraji a kan abin da dukiyarsa ta can take kawo masa. A 1970 aka yi dokar da ta tilasta bayyana asusun bankin waje. Yau idan jimillar kuɗin ta wuce dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, sai an faɗa. A 1984 aka fayyace wane baƙo ne mazauni a idon haraji: mai katin zama na dindindin, ko wanda kwanakinsa suka kai 183, ana haɗa na bana duka, da kashi ɗaya cikin uku na bara, da ɗaya cikin shida na bara waccan. A 2010 kuma aka ƙara dokar FATCA, wadda ta sa bankunan waje su riƙa kai rahoton asusun Amurkawa.

To me wannan yake nufi? Yaron da ya ci cacar biza, daga ranar da ya sauka da katinsa, kuɗin hayar gidansa na Maraɗi da ribar shagonsa na kasuwar Dole a Damagaram sun shiga lissafin Amurka, ko bai taɓa ɗauko dala ɗaya daga ciki ba. Akwai sauƙi: tun 1918 dokarsu ta yarda a rage harajin da mutum ya riga ya biya a wata ƙasa. Sai dai ragin na mai takarda ne. Kuma ranar neman zama ɗan ƙasa, cikin tambayoyin akwai ta haraji.

A Faransa ma haka abin yake. Idan iyalinka suna can, ko can kake babban aikinka, kai mazauni ne, kuma asusun da ka bari a Yamai dole ka bayyana shi kowace shekara. Tarar rashin faɗa takan fara daga yuro 1,500 a kan kowane asusu, wato kusan miliyan guda na sefa. A 1965 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Nijar da Faransa don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. A watan Disamba na 2023 Nijar da Mali suka sanar da ficewa daga irin wannan yarjejeniya. Saboda haka shawarar da wani tsohon zama ya ba ka shekaru goma da suka wuce ba lallai ta yi aiki yau ba.

Mu da muke gida muna da hannu a ciki. Mu ne muke karɓar haya, muke juya kuɗin ɗan uwa, galibi da baki kawai. Mu riƙa rubutawa. Mu ajiye rasit na duk abin da aka biya a ofishin haraji, mu ɗauki hotonsa mu tura masa. Kada mu buɗe asusu da sunansa ba da saninsa ba, don shi zai amsa tambaya. Shi kuma sabon zuwa, tun shekarar farko ya nemi masanin haraji na ƙasar da yake, ya faɗa masa duk abin da ya bari a gida.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a nema.