Kushewun Maijirgi: wa ake tunawa, wa aka manta?

Gabatarwa

A birnin Landan akwai wata maƙabarta ta zamanin sarauniya Biktoriya, mai suna Highgate, wadda aka buɗe a 1839. Bayan da ciyayi suka cinye ta, sai waɗansu ƴan sa-kai suka kafa ƙungiya a 1975 domin gyaran ta. A cikin wannan ɗan rubutu, za mu duba ko irin wannan aiki yana da gurbi a jihar Maraɗi, inda wancan zamani ya bar mana kushewu iri biyu.

Abin da ya faru a 1899

A cikin shekarar 1899 ne rundunar Faransawa ta kyaftin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa, daga Lugu zuwa Birnin Ƙonni, har ƙasar Tasawa, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da shi, a kusa da Dankori. Kwanaki kaɗan bayan haka, sojojinsu suka yi tawaye, suka kashe Chanoine ran 16, Voulet kuma ran 17. An yi musu kushewu a Maijirgi. An ruwaito cewa a 1923 Robert Delavignette, jami'in mulkin mallaka a Tasawa, ya sa an tone su, ya tarar babu kowa ciki.

Kushewa da kufai

Ke nan, waɗanda suka yi kisan suna da kushewu da aka sani, ko da wofi ne. Waɗanda aka kashe kuwa, kamar mutanen Koran Kalgo, ba a rubuta sunayensu a bisa dutse ba. Wannan ba sakaci ba ne kawai. A al'adar Bahaushe, kabari tudun ƙasa ne da damina ke shafewa. Hubbare, kamar na Shehu Usmanu a Sakkwato, sai ga manya. Abin da ke riƙe tarihin talaka shi ne harshe: sunan kufai, sunan rijiya, kirari, da labarin da kaka ke ba jika.

Kammalawa

Saboda haka, a ganinmu, gyaran maƙabarta a nan ba zai tsaya ga shara da shinge ba, waɗanda aikin gayya ya saba ɗaukewa. Ya kamata ɗalibanmu ƴan asalin Cadakori, Tsibiri, Agye da Gazawa su ɗauki muryoyin tsofaffi, su rubuta sunayen wurare da ingantacciyar ƙa'ida, su sa su a taswira tun kafin gonaki su haɗiye su. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga sun kau. Jikokinsu ne suka rage, su ma shekaru sun ja.