Tambayar da Ar-Razi Bai Yi Ba

A shekara ta 319 bayan Hijira (931 Miladiyya), labari ya kai ga Halifa Al-Muƙtadir cewa wani mutum ya rasu a Bagadaza sakamakon kuskuren likita. Sai ya ba da umarnin a hana kowa yin magani har sai Sinanu bn Sabit ya jarraba shi. Masana tarihi sun ruwaito cewa likitoci sama da 860 ne suka yi wannan jarrabawa. Matakin ya dace da shari'a, domin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora diyya a wuyan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da sanin likitanci ba.

Sai dai akwai kuskuren da jarrabawa ba ta iya hanawa, kuma babban likitan zamanin ya riga ya nuna shi a kan kansa. Abubakar Muhammad bn Zakariyya ar-Razi, wanda ya rasu a wajajen 313 bayan Hijira, ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza, shi ne kuma ya rubuta risalar da ta bambance agana da ƙyanda. Yana da al'adar rubuta halin majinyatansa, kuma bayan rasuwarsa aka tattara rubuce-rubucen a littafin Al-Hawi.

A cikinsu akwai labarin Abdullahi bn Sawada, wanda zazzaɓi ya riƙa kamawa ba bisa tsari ba, tare da ɗan rawar ɗari da yawan fitsari. Ar-Razi ya tsaya tsakanin zato biyu: ko zazzaɓi ne mai dawowa bayan 'yan kwanaki, ko ƙurji ne a ƙoda. Gaskiya ba ta bayyana ba sai da mugunya ta fito a fitsarin majinyacin. Daga nan Ar-Razi ya zayyana abin da ya jinkirta shi. Mutumin ya taɓa fama da irin wannan zazzaɓi a baya, wanda ya karkatar da tunanin likita. Bai ambaci nauyin da yake ji a ƙugunsa idan ya miƙe tsaye ba, shi ma Ar-Razi bai tambaye shi ba. Bai kuma san cewa mahaifin majinyacin ya yi fama da ciwon mafitsara ba.

Ilimi bai gaza wa Ar-Razi ba. Amsar tana bakin mara lafiya, tambaya ce ba a yi ba. Wannan ne ya sa bayaninsa ya ƙare da wajabta wa likita cikakkiyar kulawa. Jikin ɗan Adam amana ce, kuma kare rai yana cikin manufofin shari'a guda biyar. Wanda aka damƙa wa wannan amana bai sauke ta ba matuƙar bai saurari mai ciwo ba, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.