Injin ƙasar sanyi a bazarar Bengou

A watan Yunin 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say da Tambutu. Abin da ya tarar shi ne sana'ar gishiri: ƙananan unguwanni a kan tuddai, ana kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Bengou tana kudancin wannan kwari, arewa maso gabas da Gaya, dab da iyakar Najeriya, cikin jihar Dosso. Ƙasa ce ta giginya da rake da dankali, kuma tun kafin zuwan Nasara fatake ke ɗaukar gishirinta su gangara da shi kudu zuwa Borgu, a kan hanyoyin da ayarin goro ke bi tsakanin Kano da Gwanja.

Zamanin mulkin Faransa sai nauyin kaya ya juya. Jirgin ƙasan da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, bai ƙara gaba ba, daga nan manyan motoci ke karɓa. A 1958 aka ɗora gada a kan kogin Kwara tsakanin Malanville da Gaya, Gaya ta zama ƙofar Nijar ta bakin teku. Ta nan shinkafa ta shigo, da gwanjo, da motocin da Turai ta gaji da su. Ta nan kuma, da ta Kamba a jihar Kebbi, kayan lantarki suka riƙa shigowa, akasarinsu na hannu. Duk abin da ya shigo na hannu kuwa, sai ya nemi mai gyara.

Kakan wannan sana'a shi ne mai gyaran rediyo. An buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, na Kaduna a 1962, kuma ƙaramar rediyo mai batir ta bazu a ƙauyuka cikin shekarun da suka biyo baya. Mai gyaranta yana zaune a rumfar kasuwa da ƙarfen liƙi da dalma da tarin gawarwakin rediyo da yake cire kaya daga jikinsu. Yaransa suka koyi rakoda mai kaset, sannan talabijin da bidiyo na gidajen kallo. Da wayar salula ta iso, Celtel a Nijar da MTN da Econet a Najeriya duk a 2001, sai sana'ar ta yi reshe mafi girma. Titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, da Computer Village ta Ikeja a Legas, suka zama makarantun da ba su da allo: yaro ya zauna wurin maigida shekara biyu ko uku, ya koma garinsu da sukudireba da mita da na'urar hura iska mai zafi. Hannun waɗannan ne kwamfutar tafi-da-gidanka ta faɗa, har da babbar yayarta, wadda aka ƙera don wasannin bidiyo.

A yankin Gaya ba kowa ke da irinta ba. Yawancin samari a waya suke buga Free Fire da PUBG, ko su biya kuɗi a ɗakin PlayStation su buga ƙwallo. Masu sayen HP Omen ko Lenovo Legion ko Asus TUF na hannu su ne ɗalibin da ya dawo hutu daga Yamai ko daga jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, da mai ɗaukar hoton biki da ke haɗa bidiyo, da mai zanen allon talla. Da rana ita ce jarinsa, da dare abin wasansa. Kukansu ɗaya ne idan bazara ta kama: minti goma na farko tana gudu lafiya, daga nan fanka ta fara ihu, jikin ya ƙi taɓuwa, hoto ya riƙa tsinkewa, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya.

Wannan ciwo yana da tarihinsa, kuma ya girmi masu fama da shi. Ƙwaƙwalwar kwamfutar IBM ta 1981 ba ta da fanka a kanta, ba ta ma buƙata. A 1974 wani injiniyan IBM, Robert Dennard, da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ƙanƙance taransisto, wutar da yake ci ma tana raguwa daidai gwargwado, saboda haka ana iya cusa da yawa, a ƙara gudu, zafin bai ƙaru ba. Shekara kusan talatin masana'antar ta ci moriyar wannan. Amma kwaɗayin gudu ya fi ƙanƙancewar sauri. Pentium na 1993 yana cin wat 15 ko kusa da haka, ya zo da ƙarfen shan zafi. Pentium 4 na 2004 ya kai wat 115. A shekarar ce Intel ta jingine shirinta na kaiwa gigahaz 4, ta koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu, daga baya huɗu da takwas, a guntu ɗaya. Tun a Pentium 4 na 2000 kamfanin ya dasa wani mai gadi a ciki: da zarar zafi ya kusa iyaka, sai ya rage gudun da kansa. Wannan mai gadin ne ke aiki sa'ad da wasa ya fara tsinkewa a Bengou. Ba lalacewa ba ce, ceton rai ne. Iyakar a yawancin na yau tana tsakanin digiri 95 da 105.

Hanyar fitar da zafin daga akwati mai kaurin yatsa biyu ta fito ne daga binciken sararin samaniya. A 1963, George Grover na cibiyar Los Alamos a Amurka ya ƙera wani rufaffen bututu mai ɗan ruwa a ciki. A kwamfuta, bututun na jan ƙarfe ne, an zuƙe iskar cikinsa. Ruwan ya taɓa wuri mai zafi ya zama tururi, tururin ya gudu zuwa ɗaya bakin inda fanka ke hura siraran faifan ƙarfe, ya huce ya koma ruwa, ya tsotso ta bangon bututun ya dawo. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san tushen abin: ruwan da ke tashi sama yana tafiya da zafi. Da wannan ilimi ne Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar Rolex a 2000. Bambancin kawai, ruwan bututun ba ya fita, kewayawa yake yi.

Da bututun ya samu, sai aka yi ƙarfin halin cusa injin tebur cikin jaka. Alienware da aka kafa a Miami a 1996, wadda Dell ta saya a 2006, da layin ROG na Asus da ya fito a wannan shekarar, su suka buɗe kasuwar. Zafi ya yi ta karɓar harajinsa. A 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya don gyaran na'urar wasanta, Xbox 360. A 2008 Nvidia ta amsa cewa wasu guntayen hotonta da ke cikin kwamfutocin HP da Dell da Apple suna mutuwa, domin liƙin ƙarƙashinsu yana tsagewa saboda yawan ɗumi da hucewa, ta ware dala miliyan 196. A Yulin 2018 Apple ta nemi afuwa bayan an nuna sabuwar MacBook Pro mai Core i9 tana rage gudu ƙasa da abin da aka yi alkawari. Duk wannan a ƙasashen da ɗakuna ke da na'urar sanyaya iska. Yau katin hoto na RTX 4090 na tafi-da-gidanka shi kaɗai yana iya jan wat 175.

To, ga inda Bengou ta shigo lissafi. Apple, da masu ƙera kwamfuta da dama, sun rubuta cewa a yi aiki da ita a iskar da ba ta wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu zafin rana a yankin Gaya yana kewayen 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, kuma yawan zafin da za ta kwashe ya dogara ga tazarar da ke tsakanin zafin guntun da na iskar. Idan iyaka 100 ce, ɗaki mai 25 ya ba da tazarar 75, ɗaki mai 42 ya ba da 58. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sanyayawa ya tafi tun ba a kunna ba. A Afrilun 2024, da zafi ya rufe Sahel har Kayes ta Mali ta ga 48.5, tazarar ta ƙara tsukewa.

Kafin bazarar ma hunturu ya riga ya yi nasa. Ƙurar Disamba da Janairu mai laushi ce, tana shiga ta ragar ƙasa, ta haɗu da zaren tufafi, ta yi dunƙule a bakin siraran faifan nan har iska ta rasa hanya. Ga kuma man da ake shafawa tsakanin guntun da jan ƙarfe, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Kwamfutar da ta yi shekara huɗu a Turai kafin ta hau jirgin ruwa takan iso da shi a bushe. Mai gyara nagari a nan yake nuna hannunsa: ya cire batir kafin komai, ya riƙe fanka da yatsa yayin da yake hura iska don kada ta yi juyin da zai ci ta, ya goge tsohon man da sifirit, ya sa sabo ɗan kaɗan, ya ɗaure kusoshi bi da bi yadda aka lambata su. Wannan aikin na sa'a ɗaya yakan dawo da gudun da mai ita ya ɗauka ya tafi har abada.

Sai wuta, wadda ake yawan ɗora wa zafi laifinta. Tun 1976 Nijar ke shan lantarkin Najeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, Gaya kuma tana da nata layin daga Kamba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a dawo da ita ba sai bayan ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024. Gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma tsallaka kogi a kwalekwale, kayan gyara suka yi tsada. Irin wannan kwamfuta kuwa idan tana kan batir, da gangan take rage ƙarfinta, domin batirin ba zai iya ba da abin da caja mai wat 180 ko 230 ke bayarwa ba. Haka nan idan aka haɗa ta da ƙaramar caja ta jabu. Mutum ya yi ta canza fanka, alhali matsalar tana bakin soket.

Akwai al'adun da ya kamata sana'ar ta yar. Gasa guntun hoto da iska mai zafi, dabarar da ta yaɗu zamanin matsalar Nvidia, takan tayar da kwamfuta na ɗan lokaci ne, kuma sayar da wadda aka yi wa haka a matsayin lafiyayya cuta ce. Ɗora ta kan ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma yana tara raɓa a ciki. Narkakken ƙarfen da Asus da PlayStation 5 ke amfani da shi a madadin man, wutar lantarki tana bi ta cikinsa, kuma yana cin alminiyam, ɗigo ɗaya a gefe ya isa ya kashe kwamfutar. Abin da ke aiki ba shi da tsada: a ɗaga bayanta daga tebur, a raba ta da katifa da darduma, a ƙayyade wasa a hoto 60 cikin daƙiƙa, a rage iyakar ƙwaƙwalwa zuwa kashi 99 a saitin wutar Windows don hana ta zaburar da ke dafa ta, a bar aiki mai nauyi sai bayan isha'i ko da asuba, a kai ta shara da zarar hunturu ya wuce.

Mai niyyar saye a Gaya ko Kamba ko Malanville, kada ya yarda da gwajin minti biyar a gaban fankar shago. Ya sa a buɗe wasa mai nauyi da cajarta ta asali, ya bar ta rabin sa'a da tsakar rana, a nuna masa ma'aunin zafi a kan allo, sannan a yi ciniki.